Daga Ɗaki a Nima Zuwa Kunnen Jama'a: Yadda Za Ka Naɗi Waƙarka Ta Zauna Taka

Wani ƙanena da ke zaune a unguwar Mamobi a Accra, babban birnin Ghana, ya turo mini waƙoƙi uku ta WhatsApp, ya ce, "Yaya, don Allah ka saurara, ka faɗa mini situdiyon da zan je." Na saurara har sau biyu. Allah ya ba shi murya, amma a cikin ukun babu wadda ta nuna har a kai ta gaban makirfo. Ya riga ya tara kuɗinsa na wata huɗu, kuma da ya tafi a ranar, da injiniya ya karɓa ya ɗauka ya sallame shi, don aikinsa ke nan. Abin da na zaunar da shi na faɗa masa shi ne zan shimfiɗa a nan, domin duk mai rubuta waƙarsa da kansa, yana rerawa da kansa, ba kamfani a bayansa sai Allah sai aljihunsa.

Ka gama waƙar tun kana gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mataki na farko ba ya cin ko kwabo: ka buɗe manhajar ɗaukar murya ta wayarka, ka rera waƙar daga farko har ƙarshe da tafi ko bugun tebur kawai. Ka ajiye ta kwana biyu, sannan ka saurara kamar ta wani ce. Inda hankalinka ya tafi wani wuri, nan ne baitin da ya yi rauni. Bayan haka ka rera amshin ga mutum ɗaya a gida, yayarka ko abokin ɗakinka, kada ka ce ya haddace. In gobe ka ji yana gunguninsa yana wanke-wanke ko yana ɗaura takalmi, amshin ya kama.

Daga nan sai aikin da yawancin matasanmu ke tsallakewa, wato auna kalma da karin. Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana kuma da hawa da saukar murya, kuma duka biyun suna sauya ma'ana. Kuka na hawaye muryarsa a sama take ƙarewa, kuka ta miya tana sauka. Wuya na jiki yana sauka, wuya ta wahala tana hawa. Gari na mutane gajeren wasali gare shi, gari na tuwo dogo. Idan karin waƙarka ya ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ko ya hau inda kalma ke sauka, mai sauraro zai ji wani abu ya karkace ko da bai san sunansa ba. Maganin shi ne ka faɗi kowane ɗango da bakinka kamar kana hira, ka lura da inda muryar ta hau da kanta, sannan ka ɗora karin a kan wannan hanyar. Inda suka yi karo, ka canza kalmar. Canza kalma ya fi sauƙi a kan tilasta wa harshe.

Sai batun wace Hausa. Da yawa daga cikinmu 'yan Zango muna jin nauyin Hausarmu, muna ƙoƙarin aron bakin Kano idan mun tsaya gaban makirfo. Ni ban goyi bayan haka ba, sai ga wanda bakin nan nasa ne tun asali. Kayan aro ba ya rufe katara. Za a ji ɗinkin. Waƙar Hausa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, a nan ya zauna yana tsara waƙoƙi da Hausa da Larabci. 'Yan ƙungiyar mawaƙa ta VIP daga unguwar Nima suka fito, suka cusa Hausar unguwa cikin hiplife, wato salon da ya gauraya highlife da rap, har ƙasa ta ɗauka. In Twi ko Ga ko Turancin kan titi yana shigowa bakinka idan kana magana, bar shi ya shigo waƙar a inda yake shigowa hirarka.

Abu biyu za ka rubuta a saman takardar kafin ka bar wannan mataki: matakin muryar da ya dace da kai, da gudun kiɗa. Ka rera waƙar a mataki uku daban-daban, ka zaɓi wanda mafi tsayin wurin amshi bai sa jijiyar wuyanka ta tashi ba. Gudun kuwa, akwai manhajojin mitironom na kyauta da za ka riƙa taɓawa da yatsa su faɗa maka bugu nawa ne a minti.

Gwada mata riguna kafin ka ɗinka

A nan ne zan daɗe, don a nan ne mawaƙi mai zaman kansa yake samun kansa ko ya ɓata. Wanda ke zaune a Accra kunnensa a cike yake. Highlife na zamanin E.T. Mensah yana fita daga rediyon tsofaffi, jitar gargajiya irin ta Koo Nimo tana nan, hiplife da ya tashi a shekarun 1990 bai mutu ba, kpanlogo na Ga yana bakin teku, kologo da gonje suna saukowa daga arewa, amapiano ya zo daga Afirka ta Kudu, asakaa kuma ya ɓarke daga Kumasi wajen 2020. A gida kuwa ga kalangu, ga mandiri, ga waƙoƙin finafinan Kano a wayar iyayenmu mata. Jarabar ita ce mutum ya kwashe su duka ya zuba a tukunya ɗaya.

Hanyar da na ga tana aiki ita ce canza abu ɗaya a kowane gwaji. Ka riƙe waƙarka yadda take, baiti da karin, ka ɗora ta a kan kiɗa uku. Afrobeats yawanci yana tafiya wajen bugu 100 a minti, amapiano wajen 112, asakaa wajen 140 amma ana jin sa kamar rabin haka saboda inda ƙaramar ganga ke faɗuwa. Ka ɗauki kowanne a waya, baiti ɗaya da amshi ɗaya sun isa. Za ka ga abin mamaki: a wani gudun kalmominka suna cunkushewa har kana haɗiye ƙarshensu, a wani suna samun wurin numfashi. Salon da ya bar ka ka furta kowace gaɓa ba tare da ka gurɓata ta ba, shi ne ya karɓi waƙar.

Akwai wani sirri game da kiɗanmu da ya kamata ka sani kafin ka zargi kanka. Da yawa daga kaɗe-kaɗen kalangu da waƙoƙin biki suna tafiya ne uku-uku a cikin kowane bugu, kamar sukuwar doki, alhali yawancin kiɗan kwamfuta an yanka shi huɗu-huɗu. Idan ka tashi da waƙar uku-uku a kunnenka, ka ɗora ta a kan huɗu-huɗu, za ka ji kamar kana tafiya da takalmin wani. Ka ce wa furodusa ya juya ma'aunin manhajarsa zuwa 6/8 ko 12/8 ku gwada. Kunnen Ghana ya saba da wannan tafiyar, don adowa na Asante da agbadza na Ewe a kanta suke. Wannan ƙofa ce a buɗe da 'yan kaɗan ke shiga.

Idan za ka ari salon wasu, ka je inda ake yinsa. Ka zauna kusa da mai jitar highlife ka ga yadda babban yatsa ke riƙe da ƙasa, manuni yana zagayawa a sama. In asakaa ne ya ja ka, ka lura cewa ƙarfinsa daga bakin samarin Kumasi yake, da yadda suke juya kalmomin Twi baya-gaba. Abin da za ka ɗauko shi ne ƙarfin halin yin magana da harshen unguwarka, ka bar musu lafazinsu. Kuma kowane gwaji ka bar abu ɗaya naka da ba ya motsi. Nawa amshin mata ne, irin na gidan biki: ko wane kiɗa na hau, sai an ji muryoyi uku ko huɗu suna karɓa. Naka yana iya zama gurmi, ko kirarin da kake buɗe waƙa da shi. Da wannan ne mai sauraro zai gane ka ko ka sauya riga sau goma.

Takarda kafin makirfo

Na taɓa biyan wani furodusa kuɗin kiɗa da aiki gaba ɗaya, muka rabu da fara'a. Bayan wata bakwai na ji kiɗan nan a ƙarƙashin muryar wani. Da na koma, ya ce haya ya ba ni, ban saya ba, kuma babu rubutun da zai ƙaryata shi. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don waƙar mahaifiyata na yi wa. Tun daga ranar ba na tsayawa gaban makirfo sai an rubuta abu huɗu: kiɗan haya ne ko mallaka, wa ke da asalin faifan, kashi nawa kowa ke da shi a cikin rubutu da karin, da kuma cewa za a ba ni layukan sautin, wato murya daban, kowane kayan kiɗa daban, ɗaya bayan ɗaya idan an gama. Takarda ɗaya ta isa, da cikakken suna da sa hannu da kwanan wata, kowa ya ɗauki hotonta. In ka biya ta momo, wato tura kuɗi ta waya, ka adana saƙon. Wasu za su ce, "Haba ɗan'uwa, tsakaninmu har sai da takarda?" Ka amsa da ladabi cewa takardar tana kare ku ne ku biyu, kuma ko a Alƙur'ani an yi umarni da rubuta bashi.

Kiɗan da ake samu a YouTube da sunan kyauta, mafi yawansa kyautar ta tsaya ne a kan gwaji. Ranar da ka sa waƙar a kasuwa, na'urar gano sauti za ta iya kai kuɗin ga mai kiɗan. Haka nan yanko wani yanki daga tsohon faifan wani makaɗi yana bukatar izinin masu haƙƙinsa. Kuma dokar haƙƙin mallaka ta Ghana, wato Doka ta 690 ta shekarar 2005, ta sa kayan gargajiyar ƙasa a hannun Shugaban Ƙasa amana domin jama'a, don haka mai son yin kasuwanci da waƙar gargajiya sukutum ya nemi Hukumar Al'adun Gargajiya ta Ƙasa tukuna.

Ɗakin da kayan aiki

Ko za ka je situdiyo daga baya, ina ba ka shawara ka iya ɗaukar murya a gida, domin a nan ne za ka yi gwaji ba agogo a kanka. Kayan ba su da yawa: kwamfuta, akwatin sauti da ke haɗa makirfo da kwamfuta, mai mashiga ɗaya ko biyu irin su Focusrite Scarlett, makirfo, da hedifon mai rufe kunne ruf don kada kiɗa ya zubo cikin murya. Manhaja kuwa, Audacity kyauta ce, BandLab tana aiki a waya, Reaper tana ba da kwana 60 na gwaji sannan lasisinta dala 60, FL Studio kuma ita ce a hannun yawancin furodusoshin garin nan. In za ka sayi na hannu a Zongo Lane ko wajen Circle, ka tafi da kwamfutarka a jona a gabanka, ka motsa wayoyin ka ji ko suna ƙara.

Game da makirfo, kowa yana sha'awar babban nan mai kama komai, irin AT2020, wanda sai an kunna masa wutar 48V daga akwatin sauti. Matsalar ita ce da gaske komai yake kamawa: karen mota yana kiran fasinja, janareton maƙwabci, akuyar bayan gida. A gidan haya na Nima, makirfon hannu irin Shure SM58 ya fi rufa asiri, don abin da ke kusa da bakinsa yake ji.

Kwalin ƙwai a bango ba ya tare ƙara, kada ka wahalar da kanka. Abin da kake yaƙi da shi shi ne amsa-kuwwar bangon siminti. Ka je kasuwar Kantamanto ka sayo barguna masu kauri, ka rataya biyu a kusurwa bayanka, ka jingina katifa a gefe, ka shimfiɗa darduma a ƙasa. Ka tafa hannu: in ba ka ji wata 'yar ƙara tana bin tafin ba, ɗakin ya yi. Safar mata da aka ɗame a kan wayar ƙarfe mai lanƙwasa, aka sa a gaban makirfo, tana tare iskar "b" da "f" kamar matarin iskar da ake sayarwa. A kashe fanka lokacin ɗauka, a kunna a tsakani.

Lokaci ma kayan aiki ne. Tsakanin ƙarfe goma sha ɗaya na dare da kiran assalatu unguwa ta fi lafawa, amma ka nemi yardar maƙwabta tukuna, haƙƙinsu ne. In rufin kwano ne, ranar ruwa a huta. Da hunturu maƙogwaro yana bushewa, sai ruwan ɗumi a kusa. Idan ka ji wani gurnani a ƙasan sautin da ba ya tsayawa, yawanci na wutar gida ne mai zagaye 50 a daƙiƙa. Cire cajar kwamfutar ka yi aiki da batir, sau da yawa zai ɓace. Wannan dabarar tana kuma tsare ka ranar da aka ɗauke wuta kana tsakiyar baiti.

Ranar ɗauka

Ka saita aikin a 24-bit, da 44.1 ko 48 kHz, ka adana shi a WAV. Ka tsaya kamar taƙi ɗaya daga babban makirfo, ko yatsu uku daga na hannu. Ka rera wurin da ya fi ƙarfi a waƙar, ka murɗa maɓallin ƙarfin murya na akwatin sauti har allurar awon sauti ta manhajar ta riƙa tsayawa wajen -12, kada ta wuce -6. Sautin da ya yi ƙasa ana iya ɗaga shi. Wanda ya taɓa ja ya fashe, babu injiniyan da zai ɗinke shi.

Ka rera waƙar sukutum sau uku kafin ka fara yanka ta baiti-baiti. Sau da yawa rai yana cikin ɗauka ta biyu, lokacin da tsoro ya tafi gajiya ba ta zo ba. Daga ukun za ka tsinto mafi kyawun kowane ɗango. Amshi kuwa ka ninka shi, kuma in da hali ka kira mutane na gaske su tsaya da'ira su karɓa tare. Muryarka sau shida ba za ta ba da abin da bakuna huɗu daban-daban ke bayarwa ba.

Idan ka gayyato mai kalangu ko mai goge, ka girmama shi yadda ya dace, ka biya shi abin da kuka yi, ka rubuta sunansa a cikin waɗanda suka yi aikin. Dattawan makaɗa da yawa ba sa son ƙarar mitironom a kunne, kuma suna da gaskiya, don kiɗansu yana numfashi. Ka ce, "Baba, ga waƙar, bi ni yadda ka ji," ka ɗauke shi da muryarka kaɗai, daga baya furodusa ya gina sauran a kansa. Kalangu magana yake yi a daidai inda muryar mutum take, saboda haka ka ba shi gurbi tsakanin ɗango da ɗango ya amsa maka, kada ku yi magana lokaci ɗaya.

Auto-Tune, manhajar da ke miƙar da muryar da ta kauce, ba haram ba ne a wajena, amma a faɗa masa matakin waƙar daidai, kuma a sassauta saurinsa. In an ɗaure shi tamau yana goge 'yan lanƙwashe-lanƙwashen nan da muka gada daga ƙira'a da waƙar bege, waɗanda su ne gishirin muryar Bahaushe.

Haɗawa da gyaran ƙarshe

Wannan ne wurin da ya cancanci kuɗinka in kuɗin kaɗan ne. Ka tura wa injiniya kowane layi daban, duka su fara daga daƙiƙa ɗaya, muryar ba kwalliya, tare da waƙa ɗaya da kake son taka ta yi kusa da ita a sauti. In ba ya jin Hausa, ka rubuta masa baitocin ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da dole a ji su. Abin da ya dawo da shi ka saurara a lasifikar waya, a ƙaramar sifika ta Bluetooth, da cikin mota, don a nan jama'arka za su ji ta. Spotify yana daidaita ƙarfin waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS a ma'aunin ƙarar sauti, saboda haka matse waƙa don ta fi ta kowa ƙara ba ya ƙara mata komai a can. Ka karɓi abu uku: cikakkiyar waƙa a WAV, kiɗa zalla, da wadda aka rage babbar murya domin dandali.

Rajista da fitarwa

A doka, haƙƙinka yana tabbata tun ranar da waƙar ta shiga takarda ko faifai, kuma yana ɗorewa tsawon rayuwarka da shekara 70 bayanka. Duk da haka rajista a Ofishin Haƙƙin Mallaka tana ba ka shaida ranar gardama. Ka yi rajista da GHAMRO, wadda ke karɓar kuɗin amfani da waƙoƙi daga gidajen rediyo da wuraren taro, ka shigar da kowace waƙa da rabon da ke cikin takardarku. MUSIGA ƙungiyar mawaƙa ce tun 1975, aikinta daban, shigarta ba ta maye gurbin waccan.

Audiomack da YouTube kana iya ɗorawa da kanka. Spotify, wanda ya shigo Ghana a 2021, da Apple Music da Boomplay, ana bi ne ta hannun dillalai irin su DistroKid da TuneCore da CD Baby. Ka buɗe asusun da sunanka da imel ɗinka, kada wani ya ɗora maka a nasa, don duk wanda asusun ke hannunsa shi kuɗi ke zuwa wa. Za a ba kowace waƙa lambar shaida da ake kira ISRC, mai harafi da lamba 12. Ka rubuta ta a littafi, da ita za ka ƙaura zuwa wani dillali ba tare da ka rasa lissafin masu saurare ba. Ka ɗora waƙar mako uku ko huɗu kafin ranar fita, domin Spotify yana son a gabatar masa da ita aƙalla kwana 7 kafin nan. Wajen cike fom ka zaɓi Hausa a matsayin harshen waƙar, ka rubuta baitocin da ƙ da ɗ da ɓ yadda suke.

Ranar fita kuma ka duba kalandar garin. Cikin azumi hankalin jama'armu yana wani wuri, sai dai in waƙar ta watan ce. Makon Sallah kuwa kowa yana neman abin da zai sa a gidan biki. Sannan kowace shekara, wajen Mayu zuwa Yuni, sarakunan Ga suna hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo. In kana shirin ƙaddamarwa a fili, ko ɗaukar bidiyo da makaɗa a kan titi, ka nemi ranakun da aka sanar na wannan shekarar kafin ka biya kuɗin kujeru da lasifika.